Muƙabala a Bakin Kwara: Tarihin Bin Sawun Canji Daga Hashiya Zuwa Taskar Manhaja

Garin Malanville, wanda yake zaune a gaɓar kogin Kwara ta ɓangaren Benin yana duban Gaya ta ƙasar Nijar, ba ya cikin tsofaffin biranen ƙasar Dendi, domin sunan da ake kiransa da shi yau na wani gwamnan Faransa ne na Dahome mai suna Malan, kuma bunƙasarsa ta zo ne bayan da Nasara suka kai hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano zuwa Paraku, suka mai da wannan mashigi ƙofar da gyaɗar Nijar take bi ta sauka bakin teku, har aka kafa gada a kan ruwan a shekarar 1958. Amma ƙetaren Kwara a wannan nahiya ya girmi garin nesa ba kusa ba. Tun kafin zuwan Nasara fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna tasowa daga Kano da Sakkwato da Jega, su ƙetare ruwa ta Illo ko ta Gaya ko ta wajen Yawuri, su bi ta ƙasar Bargu su faɗa Jugu, daga nan su miƙa sai Salaga ta ƙasar Gwanja. Babban ayari kuwa, ban da madugu da jagaba, ba ya rasa malami, wanda shi ne mai duba ranar tashi, shi ne liman a zango, shi ne kuma mai riƙe da alƙalami idan aka zo rubuta bashi ko rabon dukiyar wanda ajali ya riska a hanya. A cikin gafakar irin wannan malami littattafai suka riƙa ƙetare kogin, ana kwafarsu a zango bayan zango, kuma tare da su wata sana'a ta ƙetare wadda ba a cika ba ta tarihi ba, watau sana'ar gane abin da ya canja a cikin rubutu, da wanda ya canja shi, da lokacin da aka canja.

Littafin malaman ƙasarmu na wancan zamani ba ɗinkakke ba ne. Warƙa-warƙa yake, a tsakanin fatu biyu, a takardar da ake kawowa daga Italiya ta Tarabulus a ƙetaro da ita Sahara, wadda idan aka ɗaga ta ga haske akan ga jinjirin wata uku a cikinta. Da yake warƙoƙin a sake suke, ɗalibai biyar suna iya raba littafi ɗaya su kwafa a lokaci guda, amma kuma iska ko sakaci suna iya hautsina su. Saboda haka marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gama, domin mai harhaɗawa ya san wace warƙa ke bin wace. Idan ya kai ƙarshe sai ya yi hamdala da salati, ya ambaci sunansa da na wanda aka rubuta wa, wani lokaci har da rana da wata da shekara, ya roƙi mai karatu addu'a. To, duk wanda ya taɓa kwafar ko da shafi goma ya san ido yana tsallake saɗara idan saɗara biyu suka ƙare da kalma iri ɗaya, hannu kuma yana rubuta abin da zuciya ta saba da shi maimakon abin da ke gabansa. Maganin da magabata suka yi wa wannan illa shi ne muƙabala: mutum ɗaya ya riƙe asali yana karantawa a bayyane, ɗayan yana bin sabuwar nuskha da ido, duk inda suka saɓa a tsaya a gyara.

Ladubban wannan gyara su ne abin da ya cancanci a daɗe a kansa, domin malaman hadisi sun tsara su tsari mai ban sha'awa, kuma Alƙali Iyal, wanda kowane mai zuwa majalisin Ashafa ya san sunansa, wanda ya rasu a 544 bayan Hijira, ya yi musu littafi mai suna Al-Ilma'u, Ibnus Salahi kuma, wanda ya rasu a 643, ya ƙara fayyace su a Muƙaddimarsa. Idan an tsallake kalma, ba a cusa ta tsakanin saɗaru. Akan ja ɗan layi daga wurin da ta faɗi, a karkata kansa zuwa gefen da za a rubuta ta, a rubuta ta a hashiya, a biyo ta da alamar sahha. Idan an rubuta abin da ba ya cikin asali, sun ƙi a kankare shi da wuƙa, suka zaɓi a ja layi a kansa ta yadda zai ci gaba da karantuwa, bisa hujja biyu: kankara tana jawo tuhuma, sa'an nan abin da ya zama kuskure a riwayar wannan shehi yana iya zama daidai a riwayar wancan, ranar da ɗalibi ya je karatu wurin shehi na biyu zai bukaci abin da ya goge. Idan kuwa kalma ta zo a riwaya a haka amma marubuci yana ganin tana da illa ta nahawu ko ta ma'ana, bai da ikon gyara ta da ra'ayinsa, sai dai ya ɗora mata wata 'yar alama a sama ya bar ta yadda ya same ta, ko Allah zai kawo wanda ya fi shi sani. Suna yin ɗan da'ira tsakanin hadisi da hadisi, su bar cikinta fayau, sai an yi muƙabala a ɗiga mata ɗigo. Inda zama ya tsaya kuma a rubuta a gefe cewa muƙabala ta iso nan. Da waɗannan alamomi mai buɗe littafi yana iya sanin, tun bai karanta ba, nawa ne aka tantance a cikinsa, nawa ne ba a tantance ba.

Ba na cewa kowane mai kwafa a Kandi ko Jugu ya kiyaye waɗannan sharuɗɗa. Da yawa don lada suke rubutu, da sauri, kuma nusakhan da suka bari cike suke da tuntuɓe. Sai dai wanda ya duba rubuce-rubucen da aka adana a Sakkwato da Zariya da Kaduna da Yamai zai ga alamar sahha a gefen shafuka, zai ga matani da jan tawada sharhi da baƙa, zai ga hannu biyu ko uku a hashiya ɗaya, kowanne ya bar na gabansa a wurinsa. Kuma shugabannin jihadi sun ɗauki sanin asalin karatu da muhimmancin da har Shehu Usmanu ya tara isnadansa a littafi, ƙanensa Abdullahi na Gwandu kuma, wanda ƙasashen yamma na daular suke ƙarƙashin kulawarsa, ya rubuta Ida'un Nusukhi yana lissafa shehunan da ya ɗauki ilimi daga gare su da abin da ya karanta wurin kowanne. Har a waƙa wannan ɗabi'a ta bayyana, domin mai tahamisi yana ƙara nasa ɗango uku a kan biyun mai waƙar farko, bai taɓa na farkon ba, mai saurare kuma ya san ina na wane ya tsaya.

Mafi girman misali a wannan fanni, a ganina, shi ne aikin Sharafuddini Al-Yunini, mutumin ƙasar Ba'alabakka, wanda ya rasu a 701 bayan Hijira. Sahihul Bukhari ya iso zamaninsa ta hanyoyi dabam-dabam, kowace da ɗan saɓaninta, wata ta ƙara harafi, wata ta rage kalma, wata ta gabatar da babi. Sai ya tara amintattun nusakhai, na Abu Zarri da na Asili da na Ibnu Asakira da na Abul Waƙti, ya zauna a Dimashƙa a majalisai saba'in da ɗaya tare da jama'ar malamai, kowanne riƙe da nuskha, Ibnu Maliki mai Alfiyya kuma yana zaune yana warware abin da ya shige duhu na lugga, har daga waɗannan zama ya fitar da littafinsa Shawahidut Tauliihi. Yunini bai zaɓi riwaya ɗaya ya zubar da saura ba. Ya ba kowace riwaya harafinta, ya riƙa ɗora haruffan a kan kalmomi da hashiya, ta yadda daga littafi guda mai karatu zai iya fitar da nuskhar Abu Zarri ita kaɗai in ya so, ko ta Asili, ya kuma ƙirga wuraren da suka rabu. A kan wannan aiki Ƙasɗallani ya gina sharhinsa, a kansa kuma aka buga bugun Bulaƙa na Masar da umarnin Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu a wajen 1311 bayan Hijira, wanda hotonsa ake ta sake bugawa har yau.

Nasara da suka zo, sun zo da irin tasu taskar, ta dokoki da wasiƙu masu lamba da kwanan wata, kuma mutanen wannan gaɓa sun ɗanɗani abin da ke faruwa idan takardun hukuma suka saɓa wa juna ba a yi musu muƙabala ba. A cikin Kwara, sama da Malanville, akwai tsibirin Lete, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 40, inda Fulani makiyaya na ɓangaren Nijar da manoma na ɓangaren Dahome suka daɗe suna haɗuwa. A 1960 aka yi rikici a kansa har aka rasa rayuka, a ƙarshen 1963 kuma al'amari ya ɓaci tsakanin ƙasashen biyu har Nijar ta sallami 'yan Dahome da ke aiki a cikinta. Magana ta yi ta kwanciya tana tashi shekara arba'in, sai a 2001 gwamnatocin biyu suka yarda su kai ta Kotun Duniya ta birnin Heg, bisa sharaɗin cewa iyakar da za a tabbatar ita ce wadda suka gada ranar da suka sami mulkin kai, watau 1 ga Agusta 1960 ga Dahome, 3 ga Agusta ga Nijar. Ma'anar wannan sharaɗi ita ce alƙalai su koma cikin tarin takardun shekara sittin su fitar da yadda matanin iyaka yake a wata rana ƙayyadadda, ba kafinta ba, ba bayanta ba.

Benin ta kawo dokar 23 ga Yuli 1900, ta kuma jingina ƙwarai da wata wasiƙa ta 27 ga Agusta 1954, wadda muƙaddashin gwamnan Nijar na lokacin, Raynier, ya sa wa hannu, yana cewa iyaka tana gaɓar hagu, tsibiran wannan yanki kuma na Dahome ne. Nijar ta kawo wasiƙar 3 ga Yuli 1914 ta Sadoux, jami'in da ke riƙe da Gaya, wanda ya lissafa tsibiran ya raba su bisa ga inda babbar hanyar jiragen ruwa take bi, tsarin da jami'an gaɓa biyu suka yi ta aiki da shi. Ga kuma dokokin 1934 da 1938 na babban gwamna, waɗanda suka ce iyaka ita ce kogin, ba su faɗi wane wuri a cikin kogin ba. Wanda yake auna takarda da sabunta zai ce wasiƙar 1954 ta shafe ta 1914, tun da ita ce ta baya. Alƙalan ba su bi wannan hanya ba. Abin da suka tambaya shi ne ko mai wasiƙar yana da ikon sauya iyakar mulkin mallaka shi kaɗai, ko kuma hukumar da ke sama da shi ta tabbatar da sauyin, suka ga ba haka ba ne, sai wasiƙar ta zauna a matsayin ƙari a hashiya wanda ba a bi shi da sahha ba. Sa'an nan suka fuskanci mas'ala ta biyu, cewa shi kansa kogin yana iya sauya kwanciya, suka gwada awon zurfin da aka yi a zamani dabam-dabam, har da na wani kamfanin Holan mai suna NEDECO wanda ya auna kogin a ƙarshen shekarun 1960, suka gamsu cewa hanyar ruwan ba ta gusa sosai ba. A ranar 12 ga Yuli 2005 suka yanke hukunci: iyaka tana bin mafi zurfin babbar hanyar jirage, tsibirai 16 har da Lete na Nijar, 9 na Benin, a kan gadojin Gaya da Malanville kuma iyakar tana bin ta cikin ruwa.

A cikin wannan shekara ta 2005, wata uku kafin hukuncin, wani mutumin ƙasar Finlan mazaunin Amurka, Linus Torvalds, ya rubuta wata manhaja mai suna Git, wadda a yau mafi yawan marubuta manhaja na duniya da ita suke adana tarihin aikinsu. Domin mai karatu ya fahimci abin da ta zo yi, sai a tuna cewa manhaja, ko ta wayar hannu ko ta ofishin duwan, asalinta matani ne, saɗara bisa saɗara na umarni, wanda mutane suke rubutawa da hannu, suna gyarawa kullum, sau da yawa mutum ɗari a kan matani ɗaya. Bukatar adana tarihin gyaran ta bayyana tun da wuri. A 1972 Marc Rochkind, a ɗakunan bincike na kamfanin Bell, ya ƙirƙiro SCCS, wadda take ajiye kowane sauyi tare da sunan mai shi da ranarsa da dalilinsa. A 1974 Douglas McIlroy da abokin aikinsa James Hunt suka samar da diff, wadda ita ce mai muƙabala ta inji: a ba ta nuskha biyu, ta nemo mafi tsawon jerin saɗarun da suka yi tarayya a kai, abin da ya rage a tsohuwa ta ce an cire, abin da ya rage a sabuwa ta ce an ƙara. Bayansu RCS ta zo a 1982, CVS a 1986, Subversion a 2000, kowace tana sauƙaƙa wa jama'a aiki tare. Masu rubuta manhajar Linux, su Torvalds, sun yi shekara uku suna aiki da wata ta kasuwa mai suna BitKeeper, da aka janye musu izinin amfani da ita kyauta sai Torvalds ya zauna a farkon Afrilu ya rubuta tasa cikin 'yan kwanaki, ya miƙa riƙonta ga Junio Hamano a watan Yuli.

Hikimar Git tana cikin hatiminta. Duk ajiyar da aka yi a taska tana ɗauke da sunan marubuci, da lokaci, da bayanin dalili, da hatimin ajiyar da ta gabace ta; daga waɗannan duka da matanin kansa ake lissafo sabon hatimi mai haruffa da lambobi 40, ta yadda in wani ya koma baya ya sauya ko harafi ɗaya, hatimin wannan ajiya zai sauya, na duk waɗanda suka biyo bayanta ma su sauya, saɓani ya fito fili ga duk mai riƙe da kwafi. Kuma kowane mai kwafi yana riƙe da tarihin gaba ɗaya, daga farko har ranar da ya kwafa. Mutum yana iya cire reshe ya yi aikinsa a gefe, in ya gama ya gabatar, mai riƙon taska ya duba ya haɗe shi da uwa ko ya mayar masa. Wannan al'amari bai yi nisa da kasuwar Malanville ba kamar yadda ake zato, domin kowace waya mai Android da ke aljihun dillalin albasa ko direban babbar mota tana tafiya ne a kan Linux, wanda taskarsa ta haura ajiya miliyan ɗaya a 2021, matanin kuma ya kai saɗara miliyan 40 a farkon 2025, ana fitar da sabon bugu kusan kowane mako tara ko goma, kowane bugu da sauye-sauye fiye da dubu goma. Haka nan lissafin kuɗin fito da duwan na ƙasashen nan suka daɗe suna yi da SYDONIA, wadda wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ginawa a 1981 bisa roƙon ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, shi ma matani ne da ya bi ta bugu bayan bugu.

To, da tarihi ya taru a wuri ɗaya, inji kuma yana ƙirga shi cikin ƙiftawar ido, sai sha'awar awo ta kama shugabannin aiki, kuma a nan ne nake ganin mutanen zamani suka yi rauni a inda magabata suka yi ƙarfi. Abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne saɗarun da aka ƙara da waɗanda aka cire, a mako ko a wata, na kowane ma'aikaci. A zana shi a jadawali, a ce wannan ya fi wannan ƙwazo. Alhali diff ba ta san ma'ana ba. Wanda ya sauya harafi ɗaya a saɗara, a wurinta ya cire saɗara ya ƙara saɗara; wanda ya ɗauke babi daga wani wuri ya kai wani wuri bai taɓa kalma ba, tana iya rubuta masa ɗaruruwa; wanda ya gyara tazarar rubutu kawai yana iya fin kowa adadi a wannan wata. Mai irin wannan awo kamar mutum ne da ya tsaya a bakin gada yana ƙirga buhunan da ake saukewa da waɗanda ake lodawa, bai kwance bakin ko ɗaya ba, ya koma gida yana cewa ya san abin da kasuwa ta ci. Labari ya shahara cewa a 1982, a kamfanin Apple, aka umarci marubuta su riƙa cika takarda kowane mako da adadin saɗarun da suka rubuta. Bill Atkinson kuwa a makon ya sake fasalin wani sashe har ya ninka saurinsa kusan sau shida, matanin kuma ya ragu da saɗara 2000, sai ya rubuta musu adadin da alamar ragi a gabansa. Ba a daɗe ba aka daina tambayarsa.

Wannan ba ya nufin awon ba shi da amfani, in an san abin da ake nema da shi. Tun a shekarun 1970 Meir Lehman, da ya bibiyi bugu-bugun wata babbar manhajar IBM, ya lura cewa manhajar da ake aiki da ita dole ta ci gaba da canjawa, kuma tana ƙara sarƙewa da kowane canji sai in an yi aiki na musamman don warware ta. A 2005 wasu masu bincike biyu na Microsoft, Nagappan da Ball, suka auna yawan juyin da aka yi wa sassan Windows Server 2003, suka ga ɗanyen adadi ba ya nuna komai sosai, amma idan aka gwada shi da girman sashen da tsawon lokacin da aka yi ana juya shi, yana nuna inda kurakurai za su fi taruwa. Watau awon yana gaya maka wane shafi ya fi shan gyara, domin ka san inda za ka zauna da muƙabala. Ba ya gaya maka darajar mai gyaran. Akwai kuma wani amfani da ya fi wannan, shi ne neman ranar da ɓarna ta shiga. Idan manhaja tana aiki a bara, bana ta lalace, tsakani kuma akwai ajiya dubu, ba sai an duba dubun ba: a gwada ta tsakiya, in lafiya take a san ɓarnar tana rabin baya, a sake raba wannan rabin biyu, cikin gwaji goma a isa ga ajiya ɗaya tak, da sunan mai ita da dalilin da ya bayar. Sau da yawa kuma abin da ake samu ƙarami ne ƙwarai. Ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed, wadda ta bar asirin ɗimbin shafukan intanet a buɗe har aka gano ta a Afrilun 2014, ta shiga taskar wata manhaja mai suna OpenSSL ne a daren ƙarshe na 2011, kuma asalinta mantuwa ce ta duba tsawon saƙo.

Sai dai taska, duk da hatiminta, tana tabbatar da cewa ba a sauya abin da aka ajiye ba ne kawai. Ba ta tabbatar da gaskiyar abin da mai ajiya ya faɗa game da kansa. Suna da kwanan watan da ke kan ajiya, marubuci ne yake sa su, yana kuma iya sake tsara tarihin reshensa kafin ya nuna wa kowa, ya haɗe gyara goma su zama ɗaya. Masu nazarin tsofaffin littattafai sun san irin wannan tarko, domin mai kwafa yakan kwafe har da kalmomin rufewa na wanda ya gabace shi, da sunansa da shekararsa, sai nuskhar jiya ta fito da shekarun kakanta. Da wani kamfani mai suna SCO ya tayar da ƙara a 2003 yana da'awar an shigar da matanin da yake nasa cikin Linux, sai masu Linux suka ga bukatar abin da malamanmu za su kira isnadi: daga 2004 kowane gyara sai ya zo da saɗarar sa hannu ta wanda ya rubuta shi, yana shaida cewa yana da haƙƙin bayar da shi, da ta kowane mai riƙo da gyaran ya bi ta hannunsa har ya isa uwar taska.

Malaman hadisi ba su tsaya ga jerin sunaye ba, suka kafa ilimin jarahi da ta'adili, suka ƙi karɓar riwayar majahuli ko da abin da ya kawo ya yi kyau a ido. Duniyar manhaja ta ga dalilin wannan a 2024. Akwai wata ƙaramar manhaja ta matse bayanai mai suna xz, wadda take cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, mutum ɗaya yana ɗawainiya da ita shekara da shekaru ba lada. Sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana, ya yi kimanin shekara biyu yana kawo gyare-gyare masu amfani, adadinsa a taska yana hawa, har aka ba shi riƙo tare da mai ita, alhali ba wanda ya taɓa ganinsa. Da ya sami iko sai ya dasa wata ɓoyayyar ƙofa a bugu na 5.6.0 da 5.6.1, ya ɓoye gangar jikinta a cikin fayilolin gwaji waɗanda ido ba ya karantawa, mabuɗin da ke tayar da ita kuma ya sa shi a cikin ƙunshin da ake rarraba wa jama'a kaɗai, bai sa shi a taskar da ake dubawa ba. Wanda ya tona al'amarin, Andres Freund, injiniya ne Bajamushe da yake wani aiki dabam. Ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa yana cin ƙarfin inji fiye da ƙima, yana kuma jinkiri da kimanin rabin daƙiƙa, ya bi sawun jinkirin daga manhaja zuwa manhaja har ya gwada ƙunshin da aka rarraba da abin da ke taska ya ga sun saɓa, ya sanar da jama'a ranar 29 ga Maris, kafin bugun ya kai ga yawancin masu amfani da shi.